Zanen Dardumar Farisa da Ma'anarsa

Ƙasar da littattafan dā su ke kira Farisa ita ce yau a ke kira Iran, tun shekarar 1935 da sarkinta Rida Shah ya nemi sauran ƙasashe su riƙa kiranta da sunan da mutanenta su ke kiranta da shi. Sunan ƙasa ya sake, amma darduma ba ta sake suna ba. Har yanzu in attajiri yana so ya nuna shimfiɗarsa ta fi ta kowa, sai ya ce ta Farisa ce. Wanda ya durƙusa ya dube ta da kyau zai ga furanni, da rassa da suka sarƙe da juna, da waɗansu abubuwa masu kama da kifaye, da wani babban tambari a tsakiya. Daga nan sai ya so ya sani, shin ado ne kurum, ko kuwa magana ce aka rubuta da zare? In ya tambayi mai sayarwa ba zai rasa amsa ba, gama dillali ba ya cewa bai sani ba. Amma cikin amsoshin nan akwai waɗanda tarihi ya tsaya musu shaida, akwai kuma waɗanda aka ƙaga a kasuwa don kaya su yi tsada.

Wajibi ne a fara sanin yadda a ke yin ta, domin hanyar aikin tana da hannu cikin siffar zanen. A kan ɗaure zaren tsaye a jikin katako biyu, a ja shi ya yi tsam. Masaƙi ya ɗauki ulu mai launi, ya ƙulla shi a jikin zare biyu, ya yanke da wuƙa, ya ƙulla na kusa da shi, har ya kai ƙarshen layi. Sa'an nan ya ratsa abawa, ya daddanne da wani mataji mai nauyi, ya soma sabon layi. Watau kowane fure da a ke gani taron ƙananan ƙulli ne, kowanne da launinsa. Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai. A shekarar 1949 wani masani Barashe mai suna Rudenko ya tone wani kabari a Fazirik, cikin duwatsun Altai na Saibiriya, ya tarar da darduma wadda ƙanƙara ta tsare daga ruɓewa. Ta yi shekara wajen 2,400. Masana suna gardama a kan inda aka saƙa ta, amma mahayan dawakin da ke jere a gefenta sun yi kama da waɗanda aka sassaƙa a bangon fadar sarakunan Farisa na dā. Tsarinta kuwa shi ne na yau, fili a tsakiya, da layuka na ado sun kewaye shi kamar ganuwa.

Ganuwar nan ita ce mabuɗin zancen. Yawancin ƙasar Iran tudu ne busasshe, da manyan hamada biyu a tsakiyarsa, Kabir da Lut. Ruwan sama kaɗan ne. Abin da mutane suka dogara gare shi shi ne ƙanƙarar da ke narkewa daga kan duwatsu ta shige ƙasa. Sai su haƙa rijiyoyi a jere tun daga gindin dutse, su haɗa ƙarƙashinsu da dogon rami, ruwa ya bi ramin mil da yawa ba tare da rana ta shanye shi ba, har ya ɓullo a inda a ke bukata. Suna kiran wannan dabara kanat. Inda ruwan ya ɓullo, nan a ke gina katanga don tsare iska da ƙura da dabbobi, a dasa lambu a ciki. A kan ja magudana biyu su gitta juna, lambun ya rabu huɗu, a yi tafki a mahaɗarsu. Sunan wannan tsari cahar bag, watau lambu huɗu. An tono magudanun dutse na irin wannan lambu a Fasargad, birnin da Sarki Kurush ya gina wajen shekara 550 kafin haihuwar Annabi Isa.

Mutanen dā na ƙasar suna kiran wurin da aka kewaye da katanga fairidaiza. Kalmar ta yi tafiya cikin harsuna, ta shiga Larabci ta zama firdaus, kuma ita ce Bahaushe ya ke faɗa in ya ce Aljannar Firdausi. Da Musulunci ya zo ƙasar ya tarar da lambu mai magudana huɗu ya riga ya tsufa a can, amma da ya ke Alƙur'ani ya ambaci ƙoramu iri huɗu a Aljanna, sai tsohon tsarin ya sami ƙarin daraja a idon mutane.

To, lambu yana da aibi ɗaya, shi ne ba ya daɗewa da kyaunsa. Sanyin Farisa mai tsanani ne, in ya shigo furanni su mutu, itatuwa su kaɗe. Malam Ɗabari mai tarihi ya ba da labarin dabarar da sarakunan gidan Kisra suka yi wa wannan. Suna da wata shimfiɗa a fadarsu ta Mada'in, kusa da inda Bagadaza ta ke yanzu, kamu sittin tsawo, kamu sittin faɗi. An yi ƙasarta da zinariya, an ja hanyoyi da ƙoramu da duwatsu masu daraja, an yi ganyaye da alharini, furanni da 'ya'yan itatuwa kuwa da zinariya da azurfa da jauhari. In sanyi ya kashe lambunan waje, sai a shimfiɗa ta, sarki ya zauna da fadawansa kamar suna cikin lambu lokacin toho. Sabo da haka a ke kiranta Baharin Kisra, gama bahar a bakinsu shi ne lokacin da sanyi ya wuce itatuwa su ke toho.

A shekarar 637 rundunar Musulmi ƙarƙashin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ta ci Mada'in. Shimfiɗar ta fi ƙarfin rabon mutum ɗaya, sai aka aika da ita Madina wurin Sayyidina Umaru. Ya yi shawara da jama'a, aka tsaya a kan a yayyanka ta a raba. An ce rabon da ya faɗa wa Sayyidina Aliyu an sayar da shi dirhami 20,000, kuma ba shi ne mafi kyau ba. Ko ƙyallenta bai saura ba, kuma da alama ba ƙullalliya ba ce irin ta yanzu. Amma labarin ya faɗi a sarari abin da masu shimfiɗar suka nufa da ita, kuma da wuya a sami wata shaida da ta kai wannan ƙarfi a cikin zancen ma'anar zane duka.

Bayan shekara dubu masaƙa suna nan suna yin lambun. Akwai wata darduma a birnin Jaifur na Indiya wadda takardun fada suka nuna tana hannun sarakunan wannan gida tun 1632, akwai wata kuma a Gilasgo, dukansu a kan danganta su da birnin Kirman. Wanda ya tsaya bisansu kamar tsuntsu ne yana kallon lambu daga sama, ga magudanun sun gitta, ga kifaye da agwagi a cikin ruwa, ga itatuwa a kowane fage. A yankin Bahtiyari, yamma da Isfahan, an taƙaita abin, an raba fili gida-gida, kowane gida da itacensa ko furensa. Masaƙan suna kiran wannan zane hishti, watau tubali, don gidajen sun jeru kamar tubalan gini.

Cikin itatuwan lambun babu kamar sarwu. Dogo ne, siriri, miƙaƙƙe kamar mashi, ba ya kaɗe ganye ko da sanyi ko da zafi, kuma yana daɗewa ƙwarai. Mawaƙan Farisa su kan kwatanta tsayin kyakkyawan mutum da shi, su kan kuma kira shi ɗa, wanda ba bawan kowa ba. Majusawa suna girmama wani babban sarwu a Kashmar, sun ce Zaradusht shugaban addininsu ne ya dasa shi da hannunsa. Masu tarihi sun ce a shekarar 861 Halifa Mutawakkili ya sa aka sare shi don a kai katakon birninsa Samarra. Majusawa suka roƙa, suka yi tayin dukiya, ba a saurare su ba. Aka labta guntayen bisa raƙuma, amma kafin ayarin ya iso an kashe halifan. Mutanen da suka tashi da jin irin wannan labari, in sun ga sarwu a darduma ba sai an gaya musu yana tuna tsawon rai da ƙin rusunawa ba. Kusa da shi sau da yawa a kan sa wani itace mai rassa sun zubo ƙasa kamar gashin mai makoki. Sunansa bidi majnun, watau itacen Majnunu, wanda son Laila ya haukata. Nan ma sunan ya ɗauko labarinsa da kansa.

Daga nan zance ya soma rikicewa. Akwai wani zane da ya fi kowanne yawo a duniya, mai kama da ɗigon ruwa wanda tsininsa ya lanƙwashe. Mai karatu ya sha ganinsa a jikin mayafi da yadin shago. Farisawa suna kiransa bote, ma'anar kalmar kuwa ƙaramin itace ne mai duhuwa, shi ke nan. A dardumar Saraband a kan jera ɗaruruwansa layi-layi. Amma mene ne shi? Waɗansu sun ce sarwu ne iska ta sunkuyar da kansa. Waɗansu sun ce harshen wutar Majusawa ne. Waɗansu sun ce gashin tsuntsu ne da sarakuna ke sokawa a gaban rawani, waɗansu sun ce ƙwallon lauzi ne, mutanen Indiya kuwa mangwaro su ke gani. Ba zai yiwu duka su zama asalinsa ba. Abin da aka tabbatar shi ne tafiyarsa. Masaƙan Kashmir suka sa shi a mayafansu na ulu, Turawa suka yi sha'awar mayafan, sai masaƙun wani gari na Sikotilan mai suna Faisili suka shiga kwaikwayonsu a ƙarni na 19, har Ingilishi suka laƙaba wa zanen sunan garin.

Haka kuma zanen da a ke kira mahi, watau kifi. Fure ne a tsakiya, da layi huɗu sun tsare shi, da ganye huɗu lanƙwasassu a kewaye. Ganyayen ne a ke gani kamar kifaye suna zagaya tafki. Ɗaya sunansa Harati, daga birnin Harat wanda yanzu ya ke cikin Afganistan. Dillalai su kan ce alamar arziki ce da yalwa. Ko da ya ke ba laifi ba ne mutum ya ga kifi ya tuna ruwa, wanda ya dubi tsofaffin dardumai zai ga abin ganye ne sosai, har da tsagar gefensa. Akwai ma wani fure da a kan jera a gefen irin wannan darduma, wanda waɗansu 'yan sana'ar ke kira kunkuru, waɗansu kuma su ce tukunyar shayi. Abu ɗaya ba ya zama kunkuru ya kuma zama tukunya. Laƙabi ne na masu aiki, don in maigida ya ce a yi kaza yaro ya gane. Maɗinkin babbar riga ma ya kan ce aska takwas, amma ba wanda ya taɓa zaton mai rigar wanzami ne.

Waɗansu zanen kuwa baƙi ne, sun zo da ma'anarsu sun bar ta a hanya. A ƙarni na 13 Mangolawa suka mamaye Farisa, sarkinsu Hulaku ya ci Bagadaza a 1258, danginsa kuma suna mulkin ƙasar Sin. Hanya ta buɗe, alharini da tangaran na Sin suka kwararo da zanensu. Daga cikinsu akwai gajimare, wanda a ke ja kamar rawanin da aka warware aka yar. Akwai furen bado, wanda masu zanen Farisa suka yi ta gyarawa har ya zama babban furen da yau a ke kira Shah Abbasi, ko da ya ke ya girmi Shah Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1588 zuwa 1629. Akwai kuma dodon maciji da wata tsuntsuwa mai dogon bindi. A Sin su biyu alamar sarki ne da sarauniya, alamar zaman lafiya. Da suka iso Farisa, inda dodon maciji mugu ne a cikin labaran jarumai, sai aka ba tsuntsuwar sunan simurg ta tatsuniyoyinsu, aka riƙa zana su suna kokawa.

Duk waɗannan zanen birni ne, inda gwani ya kan zana hoton darduma bisa takarda mai gida-gida, kowane gida ƙulli ɗaya, masaƙa su bi. A waɗansu masaƙu har akwai mai karanta musu launukan da murya kamar waƙa. Wurin makiyaya, irin su Kashkayi na lardin Faris, al'amarin dabam ne. Mata ne ke saƙa, a ƙasa su ke kafa katakon don a iya tuge shi ranar tashi, kuma babu takarda, abin da yarinya ta gani a hannun uwarta shi ta ke yi. Layin da ya lanƙwashe yana da wuyar riƙewa a ka, sabo da haka sai ya miƙe. Furen da aka aro daga birni, bayan ya bi hannun uwa da 'ya da jika, sai ya koma tauraro ko ƙugiya, a sa masa sabon suna. Ta kan cika sauran fili da abin da ke gabanta, kaji, da awaki, da matajin aikinta. Duk da haka akwai zanen makiyaya da ke da nufi sananne. Zaki alamar jaruntaka ne, kuma mutanen ƙasar suna yi wa Sayyidina Aliyu kirari da Zakin Allah. Bahtiyari su kan kafa zakin dutse bisa kabarin jaruminsu, matan Faris kuwa su kan saƙa shi cikakke a tsakiyar darduma. A arewa maso gabas, wurin Turkumawa, kusan kowace kabila tana da tambarinta da a ke kira gul, har mai ido ya kan dubi shimfiɗa ya ce wannan ta Tekke ce, waccan ta Yomut.

Yawancin dogayen bayanai na cewa ja farin ciki ne, shuɗi kaza ne, kowane ƙugiya maganin kambun baka ne, sun yaɗu ne bayan da kasuwar Turai ta buɗe baki. A shekarar 1883 kamfanin Zigila na Mancesta ya kafa ofis a Sultanabad, garin da yanzu a ke kira Arak, yana ba masaƙa ulu da zanen da aka gyara don ya dace da ɗakunan Turawa. Bayan 1920 dardumar Saruk ta yi kasuwa a Amurka, amma masu saye suna son ja mai duhu, sai 'yan kasuwa su wanke ta da magani, su sa a bi filinta da sabon rini a can Niyu Yok. Wanda ya nemi asirin kakannin Farisa cikin wannan ja ya ɓata lokacinsa. Launukan asali ma abin da ƙasa ta bayar ne: ja daga saiwar wani tsiro mai suna runas, shuɗi daga baba, rawaya daga ganyaye da ɓawon rumman, ƙasa-ƙasa daga ɓawon gyaɗar itace. Kore bai cika yawa ba. A kan ce don launin zuriyar Annabi ne ba a son taka shi, kuma akwai masu kiyaye hakan, amma marini yana da nasa dalili, gama sai ya tsoma ulu sau biyu, a baba da a rawaya, kafin ya sami kore.

Saura babban tambarin tsakiya, wanda su ke kira turanj, da rubu'insa huɗu a kusurwoyi. Asalinsa daga littafi ne. Haka masu zayyana su ke ƙawata bangon Alƙur'ani da na manyan littattafai, kuma da sarakunan Safawiyya suka kafu a 1501 suka tara gwanaye a fada, sai zanen bangon littafi ya sauko ƙasa ya zama shimfiɗa. Waɗansu su kan ce hoton ƙubbar masallaci ne, kuma lalle wanda ya ɗaga kai cikin masallacin Shaihu Lutfullahi na Isfahan zai ga kamar an manna darduma a sama. Dardumar salla kuwa ba ta da gardama. Bakan da ke samanta mihirabin masallaci ne, shi a ke juyawa alƙibla, fitilar da a kan rataya a cikinsa kuma malamai suna danganta ta da ayar haske ta Suratun Nur.

Mafi shahara cikin masu tambarin tsakiya ita ce dardumar Ardabil, wadda aka saƙa zamanin Shah Ɗahmasbu, a ke kuma danganta ta da hubbaren kakansu Shaihu Safiyuddini a garin Ardabil. Tsawonta ƙafa 34 da rabi, faɗinta ƙafa 17 da rabi, ƙullinta wajen miliyan 26. A tsakiya akwai tambari rawaya da ƙananan tambura 16 sun kewaye shi, filin kuwa shuɗi ne mai duhu cike da rassa da furanni, babu dabba ko ɗaya. A wani gefe an saƙa baiti na mawaƙi Hafizu, da sunan Maksudu mutumin Kashan, da shekarar 946 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1539 zuwa 1540. Tagwaye ne aka yi. Da suka tsufa suka shiga hannun 'yan kasuwa, aka yanki gefen ɗaya aka gyara ɗaya. Wadda aka gyara gidan ajiye kayan tarihi na Biktoriya da Albat a Landan ya saye ta a 1893 a kan fam 2,000, wadda aka yanka kuwa tana Los Anjalis ta Amurka.

A jikin tambarin an rataya fitilu biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, kuma ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma. Waɗansu masana sun ce dabara ce, don wanda ya zauna wajen ƙaramar ya hango babbar daga nesa ya ga sun zama daidai. Waɗansu sun ce da gangan aka saɓa, don kamala ta Allah ce kaɗai. Maksudu ya rubuta sunansa da garinsu da shekara, amma bai rubuta kome game da fitilun ba. A shekarar 2006 aka shimfiɗa dardumar a ƙasa cikin wani babban akwatin gilashi, aka tsara a riƙa kunna mata haske minti goma kurum cikin kowane rabin sa'a, don kada rinin ya koɗe.